Kujerar Rabi'u Mai Usur

Shekara bakwai ke nan da muka kai Rabi'u Mai Usur makwancinsa a Nasarawan Doya. Duk shekara idan watan rasuwarsa ya kama, sai in ga 'yan rubutu sun fito suna ta zuba masa yabo, wasunsu ko fuskarsa ba su taɓa gani ba, murya kawai suka sani a rediyo. Ni da muka tashi tare ban taɓa rubuta ko layi ɗaya ba. Bana na ɗauki biro ne saboda gidan rediyon da ya yi wa aiki sun kira ni sun ce in je in zauna a kan kujerarsa. Kujerar nan kuwa na fi shekara ashirin ina hangenta, kuma tun ranar farko nake ganin tawa ce aka ba shi. Gara in faɗa tun daga nan, kada wani ya karanta rabi ya ce na yaudare shi: ni kishin Rabi'u nake yi. Na yi yana raye, kuma kabari bai rage mini komai ba.

Saboda yaran da suka taso bayansa, Rabi'u shi ne mai gabatar da shirin wasanni a wani gidan rediyo mai zaman kansa a Zariya, shirin da ake kira Majalisar Mai Usur. Daga Makarfi zuwa Ikara zuwa Kudan, idan ya fara magana masu shayi kan rage ƙarar janareta. Ni kuma sunana Isyaku, malamin firamare ne a Dandamisa, ni ke kula da wasannin makaranta. Mahaifin Rabi'u kawuna ne, mahaifiyata gwaggonsa ce. Taubasai ke nan. Shi ɗan namiji, ni ɗan mace, don haka tun muna yawo ba wando yake ce mini bawansa, kuma al'ada ta hana ni yin fushi. Wanda bai taɓa samun taubashin da ya fi shi baki ba, ba zai gane irin zaman da na yi ba.

Dukanmu biyu ba mu iya ƙwallo ba. A filin da muke bugawa bayan an girbe dawa, shi ake turawa raga saboda ba ya gudu, ni kuma ake bari a gefe saboda na cika gardama da alƙalin wasa. Amma ni na san ƙwallo. Ni na yi karatu har kwalejin horon malamai, ni ke bin tsofaffin jaridu ina hadde sunayen 'yan wasa da ƙasashensu. Rabi'u bai wuce sakandare ba, ita ma da ƙyar, ya koma lodin rake a kasuwar Makarfi. Lokacin da wani Alhaji ya buɗe gidan kallon ƙwallo a bakin kasuwa, ni ya nema in riƙa fassara wa 'yan kallo abin da Baturen cikin talabijin yake faɗa, ta wata 'yar lasifika mai shaƙaƙƙiyar murya. Ina yi da gaskiya. Abin da Bature ya ce shi nake mayarwa, ba ƙari ba ragi.

Wata rana aka kira la'asar ana tsakiyar wasa, na miƙa wa Rabi'u makirfo na ce ya riƙe mini in yi salla. Ina cikin alwala na ji gidan ya ɗauki dariya. Mutumin da ba ya jin Turanci sai kaɗan, ina zai yi fassara? Ashe ya rabu da Bature ne ya kama gabansa. Ya mayar da 'yan wasan nan mutanen ƙauyenmu. Wai mai tsaron baya yana bin ɗan gaba kamar tsohon da akuya ta shiga wa lambu, wai gola ya fito sayen goro aka ci shi. Da na dawo na miƙa hannu zan karɓi kayana, sai 'yan kallo suka ce a bar shi ya ƙarasa. Daga ranar Alhaji ya ce mu riƙa yi tare. Ni in faɗi abin da ya faru, shi ya faɗi abin da mutane za su kai gida. Na lura tun a lokacin cewa idan an tashi, nasa ake maimaitawa a hanya.

Da aka buɗe gidan rediyon nan a Zariya aka yi sanarwar ana neman mai gabatar da wasanni da Hausa, ni na ji, kuma ni da bakina na gaya masa. Na ce ya raka ni. Muka hau babur ɗinsa, ni da babbar rigata ta Juma'a, shi da wata jar rigar 'yan ƙwallo da ta sha wanki har ta koma ruwan goro. Ko a mafarki ban ɗauke shi abokin takara ba.

Aka shigar da ni wani ɗaki mai sanyi, ga makirfo a gabana, ga gilashi, a bayan gilashin ga dattawa zaune, har da manajan gidan, mai furfura, sa'an mahaifina. Aka ce da na ga jar fitila ta kama in fara, kamar ina kan iska, in yi sharhin wasan jiya. Na shirya sharhin nan tun daga gida, na san inda kowace ƙwallo ta fito. Fitila ta kama. Na ɗaga kai na ga furfurar nan tana kallona. Ta yaya ɗan mutunci zai buɗe baki a gaban sa'annin ubansa ya kama zancen ƙwallo bai gaishe su ba? Na yi sallama. Na gaida manaja, na tambayi kwanan iyali da gajiyar aiki. Na gaida na kusa da shi, don kada ya ga na ware shi. Na tuna ai an ce kamar ina kan iska nake, to iyayen ƙasa na ji ke nan, sai na gaida hakimanmu ɗaya bayan ɗaya, na gaida limamai, na gaida malaman da suka koyar da ni, na yi wa manoma barka da ruwa. Abin da ya ƙara rufe mini ido, dattawan nan suna ta gyaɗa kai, ina ganin leɓunansu suna cewa lafiya lau. Su ma tarbiyyar ba ta bar su sun yi shiru ba. Ina cewa "To, jama'a, a wasan jiya", fitila ta mutu.

Rabi'u ya shiga bayana, wai tunda ya zo bari shi ma ya taɓa. Ina tsaye a baranda ina ji. Fitila na kamawa ya ce, "Salamu alaikum. Golan nan na jiya, don Allah wanda ya san gidansu ya kai masa fartanya, ƙwallo ba sana'arsa ba ce." Na ji dattawa sun fashe da dariya ta cikin bango. Ya yi kuskuren sunan wanda ya ci ƙwallo ta biyu, ya ba wani ɗan wasa ƙasar da ba tasa ba. Ba wanda ya damu. Shi aka ɗauka.

A hanyar dawowa muka kai Tashar Yari. Can ya ɗan juyo ya ce, "Bawana, akwai kuskure ɗaya da ka yi fa. Ka manta ba ka gaida mai gadi ba." Da ba a kan babur muke ba, ban san abin da zan yi masa ba. Da labari ya isa gida kuwa, ni aka yaba. Mahaifiyata ta ce na fitar da ita kunya. Kawu, uban Rabi'u da kansa, ya ce Isyaku ɗan halak ne, ya san girman manya, ba kamar wannan marar ta-idon ba. Aka yi ta sa mini albarka. Ranar Asabar kuma gidan duka aka kewaye rediyo ana sauraron marar ta-ido.

Ko usur ɗin da ya yi suna da shi nawa ne. Bayan ya fara aiki aka buɗe layin waya don masu sauraro su riƙa kira, sai ya ga abin da ya kayar da ni zai kayar da shirin gaba ɗaya. Mutum zai kira daga Hunkuyi ya gaida Rabi'u, ya gaida iyalinsa, ya gaida ma'aikatan gidan, ya aika gaisuwa ga surukinsa a Kudan, kafin ya zo kan ƙwallo katinsa ya ƙare. Sai ya zo makarantarmu ina tsaka da horar da 'yan wasa, ya zare usur daga wuyana ya sa a aljihu, ya ce kayan bawa na ubangidansa ne. Malamai suna ta dariya, ni ma dole na yi yaƙe. Satin nan ya kafa doka a shirin: sallama, suna, gari, sai ƙwallo. Wanda ya ƙara da ina gajiya, sai ya ji fir a kunnensa, an yanke shi.

A ƙasarmu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Nan ne ake tsayar da babur a tsakiyar hanya a sauka a durƙusa. Mutane suka yi ta gunaguni, har ranar da wani dattijo mai unguwa daga Ikara ya kira. Kowa ya ji muryar ya san ta tsoho ce. Ya yi sallama, ya faɗi suna, ya ce "Yaro, ina kwananku, ya ya mahaifan naka?" Rabi'u ya hura masa usur.

Kafin azahar magana ta kai kunnen Kawu. Ya aika aka taso Rabi'u daga Zariya, ya wanke shi tas a zaure, ya ce gobe a je Ikara a ba da haƙuri, kuma Isyaku ne zai yi magana, tunda shi ya iya. Ba zan ɓoye ba, a hanyar nan zuciyata fari ƙal. Na ce yau ƙarya ta ƙare, za a kore shi, za a nemi mai ladabi, kuma an san inda mai ladabi yake. Muka isa, na zube a gaban dattijon na yi gaisuwar da ban taɓa yin mai kyanta ba. Ya bar ni na kai aya, sannan ya dubi Rabi'u da ke rakuɓe a bayana ya ce, "Kai ne mai usur ɗin? Tun jiya jikokina ba su bar ni na sha ruwa ba, duk inda na juya sai su ce fir. Ka shirya, Asabar zan sake kira, in ka isa ka ƙara." Ya sa aka kawo mana fura. Na sha ne kawai don kada a gane.

Daga nan abin ya juye. Hura wa mutum usur ya zama abin alfahari. Manya da ƙanana suka riƙa kira suna jan gaisuwa da gangan don a yanke su, gobe a yi ta tsokanarsu a majalisa. Shirin ya tashi daga Asabar kaɗai ya koma kusan kullum. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, a wajen ɗakin nan ba wanda ya kai Rabi'u gaisuwa. Ya fi ni daɗewa a durƙushe. Shi dai ya gane cewa akwai inda ake ajiye ta a ƙofa kamar takalmi, ni kuma na shiga da tawa har tsakar ɗaki.

Ni ma na fara kira, amma ba don a hura mini ba. Kira nake in gyara masa kuskure, kuma kullum akwai. Ban taɓa gaishe shi a iska ba, da an ɗauka nake faɗawa da faɗa. Shi kuwa sai ya ce, "Jama'a, ga Taubashi nan ya iso da jan biro." Ina kawo hujja yana kawo shaƙiyanci, ina tafasa yana dariya. Ƙungiyar da nake goyon baya idan ta sha kashi, da ni yake buɗe shiri, ya ce a yi wa Taubashi ta'aziyya. Na ɗauka ina tona masa asiri ne a gaban jama'a, su gane wa ya san ƙwallo. Na daɗe kafin in fahimci cewa ya mayar da ni wani ɓangare na shirinsa ne, ba tare da ya nemi izinina ba. A kasuwar Hunkuyi ina tayin barkono sai mai kaya ya tsaya ya ce, "Wannan murya, ba kai ne Taubashin Mai Usur ba?" Ɗalibaina suna kirana haka a bayan idona. Matata Binta ta zama matar Taubashi har a gidan biki. Na yi suna a ƙananan hukumomi uku, amma sunan ma jingine yake a jikin nasa.

Zan ba shi abin da yake nasa, ko da yake da ƙyar yake fita. Kafin Rabi'u, sharhin ƙwallo a rediyo na Turai ne da na manyan birane. Shi ya fara ɗaukar 'yar na'urarsa ya hau babur ya je wasan ƙarshe na kofin ƙauye, ya tsaya cikin rana a filin da ko layi ba a ja ba sai da toka. Washegari ya kira sunan ɗan wasan Dandamisa tare da sunan ubansa, kamar yadda ake kiran na Turai. Na ga tsohon da bai taɓa zuwa bakin fili ba, wanda kullum yake cewa ƙwallo aikin banza ce, ya sa rediyo a kunne yana hawaye don an ambaci ɗansa. Ni na horar da ɗan. Ba a ambace ni ba, sai dai aka ce an ga Taubashi a gefen fili yana ta yi wa alƙali ihu.

Akwai lokacin da wani babban gidan rediyo a Kaduna ya ɗauke shi. Muka yi masa walima, na ci shinkafar kamar ina tauna tsakuwa. Bai rufa shekara ba ya tattaro ya dawo Zariya. Na tambaye shi ko korarsa aka yi, kuma ina fatan ya ce e. Ya ce, "Ina! Mutanen can ba sa gaisuwa, bawana. Da an ɗauka sai su hau magana. To wa zan hura wa?" Ya ajiye aikin da wasu ke bin manya don su samu, saboda kawai ba ya masa daɗi. Ranar na yi kishinsa fiye da ranar da aka ɗauke shi. Mutum ya samu abin da ka rasa, da sauƙi. Amma ya samu wanda ya fi shi ya yar a gabanka yana dariya, wannan sai wanda ya ɗanɗana.

Nakan zauna in ce, da zai leƙo yau me zai ce? Yanzu kowane saurayi mai waya mai sharhi ne. Kafin alƙali ya busa tashi, an cika duniya da murya da bidiyo, kowa na zagin kowa, ba wanda ya san uban wani. Gidan kallon da muka fara ya zama shagon sayar da taki, a gidajen da suka maye gurbinsa kuma rabin 'yan kallo ba wasan suke kallo ba, wayarsu suke dubawa su ga ko cacar da suka yi ta ci. Wannan na san zai ƙona masa rai, domin shi a wajensa wanda aka ci ana tsokanarsa ne ya yi dariya, ba ya koma gida ya sayar da akuyar uwarsa ba. Alƙalin da ke tsayar da wasa ya je ya kalli talabijin kuwa, da Rabi'u ya samu abin tsokana na shekara guda. Zai ji daɗin 'yan matan Kudan da ke kira yanzu suna ƙure maza. Amma abin da na fi son in ga fuskarsa a kai shi ne wannan: mutanenmu ma sun daina gaisuwa a waya. Samarin da suka riƙe shirin bayansa ba su da wanda za su yanke. Mai kira ko sallama ba ya yi. Ina jin da yana nan, da ya juya dokar, ya koma hura wa wanda bai gaishe shi ba. Da kuma an ce kai, Mai Usur akwai basira, alhali abin da na yi ke nan tun farko aka ce na faɗi.

Ciwon da ya ɗauke shi bai ja lokaci ba. Na je duba shi a asibiti a Zariya da hantsi, na tarar ya rame har na kusa wuce gadon. Ya buɗe ido ya gan ni tsaye, ya yi ɗan murmushi ya ce, "Bawana, ka zo a sa'a. Yau ba ni da usur. Yi gaisuwarka har ka gaji." Ni da na gaida hakimai da limamai a gaban jar fitila, na buɗe baki ko sannu ta ƙi fita. Na zauna a bakin gadon na riƙe ƙafarsa. Shi ya yi ta magana, yana tambayata sakamakon wasan da bai samu gani ba, na faɗa masa, ya ce ƙarya nake. Wannan ce gardamarmu ta ƙarshe, kuma a ita ma ni ke da gaskiya.

Ranar jana'iza Nasarawan Doya ba ta ɗauki mutane ba, sai da aka yi sahu a cikin gonaki. Na tsaya ina kallon jama'ar nan, hawaye na zuba, kuma wani gefe na zuciyata yana tambaya ko nawa za su zo tawa. Haka Allah Ya yi ni. A zaman makoki mutanen da ban taɓa gani ba suka riƙa shigowa suna cewa ina Taubashi. Su wuce 'yan'uwansa na ciki ɗaya su zo su kama hannuna. Wani makiyayi da ya taho tun daga bayan Ikara ya ce mini, da Hausarsa mai gauraye da Fillanci, shi bai taɓa ganin ƙwallo a talabijin ba, faɗanmu kawai yake bi. Ban sake kiran shirin ba tun daga ranar.

To, watan jiya sabon manajan gidan ya aiko a kira ni. Matashi ne, a shekaru na haife shi, ya tashi ya ba ni kujera. Ya ce shirin ya yi sanyi, samarin da aka gwada ba su riƙe tsofaffin masu sauraro ba, kuma har yanzu ana tambayar ina na shiga. Ya ce suna so in karɓi ranar Asabar. Sannan ya ce, tunda shekaru sun ja, za su sauke sunan marigayi su sa nawa, a buɗe sabon babi. Ya sosa ƙeya, ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, mene ne ainihin sunan naka?" Na faɗa masa. Ya maimaita a hankali, Majalisar Malam Isyaku. Wallahi ya yi mini daɗi a kunne. Ban san ina jin yunwar jin sunan nan haka ba sai da ya fito daga bakinsa. Na ce ya ba ni lokaci in yi shawara, amma a raina na riga na zaɓi rigar da zan sa.

Na dawo gida ina ta fara'a na gaya wa Binta. Tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "Allah Ya sanya alheri, Malam. To idan ka zauna, wa za ka kira ka ƙaryata?" Na ce mata wannan ai maganar banza ce. Na fita na zauna a ƙofar gida, maganar banzan ta biyo ni.

A aikina na malamin wasanni na sha ganin wani abu. Za a sa mana wasa da wata makaranta, mu share fili, mu ja layi, 'yan wasa su sa riga, a yi ta jira. Motar abokan karawa ta lalace a hanya, ko ruwa ya cinye musu gada, ba su zo ba. Alƙali ba ya cewa a watse haka kawai. Sai ya sa mu jeru kamar da gaske, ya busa, ɗan gabanmu ya ja ƙwallo shi kaɗai har bakin raga ya tura ta ciki. An ba mu nasara ke nan. Ban taɓa ganin wanda ya yi tsalle a irin wannan ci ba. 'Yan wasa sukan tuɓe riga su kama hanyar gida shiru, kamar su aka ci. Abin da manaja ya miƙo mini ke nan. Ba kujerar kawai nake so ba ashe. So nake in karɓe ta Rabi'u yana tsaye yana kallo, ya buɗe bakin nan nasa ya ce bawana, ka fi ni. Ya tafi bai faɗa ba, kuma na san ko da ya shekara ɗari ba zai faɗa ba. Wannan ne ban yafe masa ba.

Masu yabo suna cewa abin da ya bari shi ne muryarsa, ko raha, ko sunayen 'yan ƙauye da ya ɗaga. Duk gaskiya ne, amma murya tana dusashewa a kunne, ni kaina wani lokaci sai na rufe ido kafin in jiyo ta. Abin da bai dusashe ba a wajena shi ne haushin nan. Duk lokacin da na ji wani ya yi sharhi mai daɗi, sai in ce Rabi'u ya fi shi, sannan in ji zafin cewa na faɗa. Muddin ina jin wannan zafi, mutumin nan bai gama tafiya ba. Ranar da na wayi gari ban ji kishinsa ba, ranar na binne shi da gaske, kuma ban shirya ba.

Na koma wajen manaja na ce na karɓa, amma da sharaɗi ɗaya: a bar sunan yadda yake. Ya fara yaba mini, wai kara da riƙon zumunci. Na ce ɗana, dakata, ba kara ba ce. Idan aka sa sunana, ba wanda za a auna ni da shi. Idan aka bar nasa, duk wanda ya kunna rediyo zai ji ni ya tuna shi, ya ce kai, ina Mai Usur. Na fi son in sha kashi a hannunsa kowace Asabar da in tura ƙwallo a ragar da ba kowa.

Allah Ya jiƙan Rabi'u ɗan Kawu, Ya yafe masa, Ya haskaka kabarinsa, Ya raya abin da ya bari. Ku kuma mutanen Makarfi da Ikara da Kudan, idan kun saurare ni kuka ga ban kai shi ba, kada ku ji nauyina, ku kira ku faɗa mini a gaban kowa. Zan ji haushi, wallahi zan ji. Shi na je nema.